Canjin kwatangwalo ga wanda aka taɓa yi wa aikin ƙashi: a cire tsohon ƙarfe tukuna, ko a haɗa komai rana ɗaya?

Dakta Auwal:
Assalamu alaikum. Tambayata ga manyanmu na sashen ƙashi ce. A ɗauka dattijuwa ce mai shekara 68, ta karye a saman ƙashin cinya, tsakanin tudun nan biyu, aka sa mata DHS, wato babban sukurun da ke bin wuyan ƙashi da farantinsa mai rami huɗu. Bayan wata takwas karayar ba ta kama ba. Sukurun ya ɓulla ta saman kan ƙashi har ya fara cin kwarmin kwatangwalo, ƙafar ta gajarce da santimita 3 ta kuma juya waje. An yarda mafita ita ce a canza gaɓar gaba ɗaya. Saɓanin a kan tsari yake: a cire ƙarfen a sallame ta, ta dawo bayan wata biyu ko uku a sa sabuwar gaɓa, ko a gama duka a shiga ɗaya?

Dakta Habibu:
Wa alaikumus salam, Dakta Auwal. Kafin mu kai ga shiga ɗaya ko biyu, a fara cire wa rai cewa wannan irin canjin kwatangwalo na farko ne. Aikin ya fi tsawo, jini ya fi zuba, tsagewar ƙashi da gocewar gaɓa da shigar ƙwayoyin cuta duk sun fi yawa a cikinsa. Shirinsa shirin aikin sake canji ne, daga kayan aiki har ledojin jini.

Abin da ke yanke hukunci shi ne ko akwai ƙwayar cuta a jikin ƙarfen. Karayar da ta ƙi kamawa, a ɗauke ta da zargi har sai an wanke ta. A tambaya da kyau: ciwon ya taɓa yin ruwa bayan aikin farko? An daɗe ana wankin ciwo? An ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta na makonni? Tana jin zafi da dare ko tana kwance? A duba tabon, ko akwai wata 'yar kafa da ke yoyo. Sannan a yi ESR da CRP, gwaje-gwajen jini masu nuna kumburi a jiki. Idan ESR ya haura 30 ko CRP ya haura miligiram 10 a lita, a tsotso ruwan gaɓar da allura a ɗakin tiyata, bayan ta yi mako biyu cur ba ta sha maganin kashe ƙwayoyin cuta ba. Idan komai ya fito tas, shiga ɗaya ce. Idan akwai mugunya, ko kafa mai yoyo, ko ƙwaya ta tsiro a kalca, wato renon samfuri a lab, shiga biyu ce ba tare da gardama ba.

Dakta Isiyaku:
Yallaɓai, a takarda haka yake, amma ina ganin a wajenmu ya kamata mu fi karkata ga shiga biyu. Majinyaci kan zo ba takardar aikin farko, ba a san wane ne ya ƙera ƙarfen ba, ya sha magunguna daga kemis iri-iri, wani lokaci ya biya ta wajen mai ɗori an yi masa tsaga a kan wurin. Wanda yake shan magani har jiya, kalcarsa za ta fito babu komai alhali ƙwayar na nan manne da ƙarfe. Idan aka cire ƙarfen tukuna, an samu naman da ke ƙarƙashin faranti an aika lab, an ga wurin ido da ido, ramukan sukuru sun samu lokacin cikewa. In an sa sabuwar gaɓa a kan ƙwaya kuwa, asarar ta fi ƙarfin yawancin iyalai.

Dakta Habibu:
Na ji dalilinka, kuma ga matashi mai ƙarfi zan iya bin ka. Amma duba matar da aka kawo misali da ita. Karayarta ba ta kama ba, ƙarfen nan da ya gaza shi ne ɗan abin da ke riƙe da ƙafar. Ka cire shi, ka bar ta da ƙafa tana lilo wata uku a kan gado. Gyambon kwanciya, ciwon huhu, gudan jini a jijiyar ƙafa, tsoka ta ƙara zubewa, ƙafa ta ƙara hawa sama. Sau biyu za ta shiga hannun likitan barci, sau biyu za a nemi jini, sau biyu za a biya. Maganar cikewar ramuka kuma, ƙashin tsohuwa ba ya cike ramin sukuru da ƙashi mai ƙwari a wata biyu. Nama ne ke toshe shi, a hoto ya yi kamar ya ɗan dushe, raunin yana nan.

Matsakaiciyar hanya ita ce a shiga da shirin duka biyun. A gaya wa iyali tun kafin a shiga cewa idan an buɗe aka ga abin da ba a so, za a tsaya a wanke wurin a sa simintin ƙashi mai maganin kashe ƙwayoyin cuta, a ɗage sa gaɓa. A ɗebi nama daga wuri biyar, kowanne da nasa almakashi da kwalba: ƙarƙashin faranti, ramin babban sukuru, bakin karayar, rigar gaɓa, cikin kwarmi. Auduga a goga ba ta isa ba, nama ake so. A roƙi lab su riƙe kalcar har kwana 14, domin wasu ƙwayoyin ba sa tsirowa a kwana uku. A ware guda a yi masa GeneXpert, gwajin tarin fuka, domin tarin fuka na ƙashi bai ƙare a ƙasar nan ba.

Dakta Isiyaku:
Wannan na yarda da shi. In an tsaya ɗin, simintin a cuɗa shi da hannu, bankomaisin giram 2 zuwa 4 a kowace jaka mai giram 40, a kan jentamaisin da ke ciki. Magani na mako shida bisa abin da kalca ta nuna, a dakata mako biyu, a sake CRP, sannan a koma.

Sista Ladi:
Likitoci, ku bar ni in sa baki ta ɓangaren kayan aiki, domin a nan ake ɓata awa guda majinyaci na kwance a buɗe. A turo mana hoton ƙashi kwana uku kafin aiki, mu san abin da za mu cire. Sukurun milimita 4.5 da na 6.5 sukurudireba mai kusurwa shida ta milimita 3.5 ke kwance su, na milimita 3.5 kuma ta 2.5. Sababbin faranti masu kulle sukuru da yawansu kan tauraro gare su, a tanadi T15 da T25. Babban sukurun DHS yana da nasa maɓalli da sandar da ake ɗaura masa ta ciki. Sandar cikin ɓargo kuwa kowane kamfani da irin zarensa, in ba a gane ta ba sai an nemo saitin cirewa na gama-gari.

Sannan a ɗauka cewa sukuru ɗaya zai ƙi fita. Ko kansa ya cinye, ko ya karye a ciki, ko na taitaniyam ya like da faranti. Don haka a tebur a samu sukurun cirewa mai zaren hagu, da rima mai rami a tsakiya wadda ke yanka ƙashi kewaye da guntun, da bakin dirila na kabayid, da filaya mai kulle. Kafin a sa sukurudireba a share ramin kan sukuru tas da bakin allura, a zaunar da ita har ƙasa, a fara juyawa da hannu. Yawancin kan sukurun da ke cinyewa gaggawa ce ke jawo shi.

Dakta Auwal:
Na gode, Sista. To Yallaɓai, an buɗe, wuri ya yi kyau. A cire faranti sannan a goce da gaɓar?

Dakta Habibu:
A'a, akasin haka. A goce da gaɓar tun ƙarfen yana jiki. Lokacin da ake murɗa ƙafa don kan ƙashi ya fito daga kwarmi, a nan ƙashin cinya ke shan murɗa mafi tsanani, kuma gaɓar ta sandare da tabo. In ka riga ka cire faranti, ka bar layin ramuka a jere, ƙashin zai tsage ya bi su kamar yadda ice ke bin inda aka huda shi. Saboda haka a saki tabon tukuna, a cire rigar gaɓar da ta yi kauri, a fito da kan a hankali da ƙugiya a wuya, mataimaki kada ya yi amfani da gwiwa a matsayin abin banƙara. A mayar da shi, a cire ƙarfen, sannan a sake fito da shi, yanzu cikin sauƙi. Idan ya ƙi fitowa, ko sukurun ya kafe cikin kwarmi, a cire babban sukurun kawai, a yanke wuyan a inda yake, a ciro kan da abin murɗa ko guntu-guntu.

Wurin yanka fata: a bi tsohon tabon gefe in zai yiwu, a lanƙwasa shi baya ta sama. Kada a yi sabon yanka kusa da tsohon a bar siririyar fata a tsakani, bakinta mutuwa yake yi.

Kafin a fara buga magagari a cikin ɓargo, a ɗaura waya ɗaya kewaye da ƙashin ƙasa da ƙaramin tudu, ko daidai ramin ƙarshe. Minti biyar ce, tana hana ƙaramar tsaga gudu ƙasa.

Dakta Bilkisu:
Ƙari a kan shiga ɓargo. Hanyar da babban sukuru ko sandar ɓargo ta bi takan yi bango mai tauri, kuma karayar da ta zame takan sa saman ƙashi ya kauce daga layin ɓargon. Rima takan bi hanya mai sauƙi, ta fita ta ramin gefe ko ta huda bangon gaba, mai aiki yana zaton yana ciki. A fasa wannan bangon da ƙaramin injin gurza, a zura waya mai ƙwallo a baki, a duba ta a na'urar hoto ta ɗakin tiyata ta gaba da ta gefe, sannan a bi wayar da rima. Hoton da za a yi kafin aiki ya zama na ƙashin cinya gaba ɗaya har gwiwa, fuska biyu, da ƙwallon awo na milimita 25 a gefe don a san girman gaskiya. Hoton kwatangwalo kaɗai ba ya nuna lanƙwasar ƙashi ko wani tsohon sukurun da ya karye can ƙasa.

Wanda aka sa wa sanda daga saman tudu yana da ƙarin matsala. An huda tudun da rami mai faɗin milimita 15 zuwa 17, ta cikin jijiyar tsokar da ke buɗa ƙafa. Tudun ya zama ɓawo, yana iya ɓallewa da ɗan ja. Wanda aka sa wa sukuru uku na karayar wuya kuwa, aikinsa ya fi kusa da na farko, ramukan ƙanana ne kuma a sama suke.

Dakta Auwal:
Ƙotar da za a zura a ƙashin cinya fa? Mai siminti ko marar siminti, doguwa ko gama-gari?

Dakta Bilkisu:
Ƙa'idar da aka saba ita ce bakin ƙota ya wuce ramin sukuru na ƙarshe da ninki biyu na faɗin ƙashin, wato wajen santimita 5 zuwa 6. Da faranti mai rami huɗu, ƙota gama-gari sau da yawa bakinta na tsayawa daidai ramin ƙarshe ko dab da shi, kuma nan ne mafi munin wurin tsayawa, nauyi ya taru a inda ƙashi ya fi rauni. Ni na fi son marar siminti mai kama ƙashi daga ƙasa, mai tsini da tsagi a jiki irin ƙirar Wagner, domin saman ƙashin ba abin dogaro ba ne. In mai zagayayyen jiki ce mai kaushi gaba ɗaya, tana buƙatar santimita 4 zuwa 6 na ƙashi lafiyayye da za ta matse a ciki. A yi hattara da doguwar ƙota miƙaƙƙiya, in ta doshi santimita 20 tana iya huda bangon gaba, domin ƙashin cinya a lanƙwashe yake, na tsofaffi ma ya fi.

Dakta Habibu:
A nan mun ɗan bambanta da Dakta Bilkisu. Ga tsohuwa mai faffaɗan ɓargo da siririn bango, buga ƙota marar siminti har ta matse shi ne ke tsaga ƙashin. Mai siminti tana ba ta damar taka ƙafa washegari, ga magani a cikin simintin, ga sauƙin kuɗi. Sharaɗinta a toshe ramuka. Sukurun faranti bango biyu yake hudawa, don haka akwai ramuka a ɓangaren ciki da ido ba ya gani. In ba a toshe ba, siminti zai tsiyaye waje, matsin da ake so ya shiga cikin ƙashi ya tafi, kuma ramin da siminti ya cika ba zai taɓa warkewa ba. Na waje a toshe su da guntayen ƙashi daga kan da aka cire, ko a mayar da gajerun sukurai da ba su kai ɓargo ba har siminti ya daskare, ko mataimaki ya danne da yatsu. A sa matoshi a ƙasa, a wanke ɓargon a busar, a cika daga ƙasa zuwa sama da bindigar siminti.

Idan gindin wuya ya tafi tare da ƙaramin tudu, akwai ƙotar da aka ƙera da kafaɗa don cike wannan giɓin. Kada a gina wurin da tulin siminti, farfashewa yake yi.

Dakta Bilkisu:
Ga mai faffaɗan ɓargo na yarda, Yallaɓai. Abin da ba za a sassauta ba a kowanne shi ne babban tudu. In ya rabu da ƙashin, kada a cire shi kuma kada a yanke tsokar da ke manne da shi sama da ƙasa. A bar shi a matsayin ɗamara ɗaya, bayan an sa ƙota a dawo da shi a ɗaure da waya biyu ko uku, ko farantin ƙugiya, a cusa guntayen ƙashi a bakin. Tudun da ya hau sama shi ne ɗingishi na har abada da gocewar gaɓa.

Sai juyin ƙota. Alamun da ake bi a aikin farko sun watse, wuya babu, ƙaramin tudu ya ƙaura. A lanƙwasa gwiwa, a tsayar da ƙwauri, a auna daga gare shi digiri 10 zuwa 15 zuwa gaba. Tsayi kuma daga awon lafiyayyen ɓangaren a hoto za a ɗauko shi.

Dakta Isiyaku:
Kada a manta da kwarmi. Wata takwas ba a taka ƙafa ba, ƙashinsa ya yi laushi sosai, rima tana iya nutsewa har cikin ƙugu a juyi biyu. A fara da ƙarama, ba dannawa, a tsaya da an ga jini na tsatsafowa. Inda sukuru ya ci a cike da ƙashin majinyaciyar. Kofi marar siminti, wato ɓangaren sabuwar gaɓa da ke zama a kwarmi, ya fi rima ta ƙarshe da milimita 1 kawai a irin wannan ƙashin, a ƙara masa sukuru biyu a ɓangaren sama ta baya. Ta gaba akwai manyan jijiyoyin jini dab da ƙashin, ba a sa sukuru can. In bai kama ba a koma mai siminti. Karkatar kofi digiri 40, fuskantar gaba wajen 15 zuwa 20.

Saboda gocewa, a sa kai mai milimita 36 in kofi ya ɗauka, ko kofi mai motsi biyu, wanda Gilles Bousquet ya ƙirƙiro a Faransa a shekarun 1970. Ga tsohuwa mai raunin tsoka ya cancanci kuɗinsa. Sa rabin gaɓa kawai a bar kwarmi bai dace a nan ba, guringuntsin ya riga ya lalace.

Dakta Auwal:
Idan aikin farkon a kwarmin aka yi shi fa? Matasan da suka yi haɗarin mota ko babur, aka ɗaure musu bangon baya da faranti, bayan shekara biyu gaɓa ta cinye.

Dakta Habibu:
Wannan babi ne daban, kuma abin tsoro a cikinsa babbar jijiyar sayatik ce. Tana kwance cikin tabo a kan farantin. Wanda ya nufi farantin kai tsaye yana iya yanka ta bai sani ba, majinyaci ya farka tafin ƙafa ya saki. A nemo ta daga ƙasa inda ba a taɓa aiki ba, kusa da inda babbar tsokar ɗuwawu ke manne da ƙashin cinya, a bi ta sama a hankali. Duk tsawon aikin gwiwa a lanƙwashe, kwatangwalo a miƙe, don jijiyar ta saki. A rubuta yadda ƙafar ke motsi kafin aiki, da yawansu sun zo da raunin jijiyar tun daga haɗarin.

Ba a cire faranti don kawai yana wurin. Abin da rima ta taɓa shi ake cirewa, ko a gurje bakin sukurun daga cikin kwarmi, a rufe naman kewaye da gozi don ɓarɓashin ƙarfe. Wanda ke cikin ƙugu ta gaba a bar shi. Kafin aiki a yi hotunan Judet, masu karkatar digiri 45, da CT, don a amsa tambaya biyu: karayar ta kama? Nawa ne ya rage na bangon baya? In ginshiƙin baya bai kama ba, sama da ƙasan ƙugu suna motsi daban, sai an sake ɗaure shi da faranti an cusa ƙashi kafin kofi mai ramuka da yawa ya zauna. In bango ne babu, a sassaƙa kan ƙashin da aka cire a ɗaure shi da sukuru ya zama bango, amma mafi yawan kofin, wajen kashi 70 cikin ɗari, ya zauna a kan ƙashi mai rai.

Tsawaita ƙafa ma da iyaka. Daga santimita 3 zuwa 4 jijiyar da tabo ya riƙe tana shiga haɗari. Gara a bar saura a cike da takalmi.

Dakta Isiyaku:
Waɗanda aka yi wa aikin kwarmi ne kuma ke tsirar da ƙashi a cikin tsoka bayan aiki har gaɓa ta sandare. Rigakafinsa indometasin miligiram 25 sau uku a rana har mako shida, ko hasken radiyeshan sau ɗaya, gire 7 zuwa 8 a ma'auninsa, cikin awa 72 bayan aiki. Indometasin ba na mai ciwon ƙoda ko gyambon ciki ba ne, kuma yana iya jinkirta kamun ƙashin da aka dasa.

Inda nake nan a kan bakana na shiga biyu shi ne wanda aka yanka wa ƙashin cinya aka gyara masa kusurwa tun yana yaro, faranti ya shekara 15 ko 20 ƙashi ya binne shi. Tono shi kaɗai aiki ne, yana barin kwari a bangon ƙashin. Mutumin yana tafiya da ƙafarsa, matashi ne, ƙashinsa na cikewa. A cire, a jira wata uku ko fiye, sannan a canza gaɓa. In ɓargon ya karkace har ƙota ba za ta wuce ba, a sake yanka ƙashin a ƙololuwar lanƙwasar, ƙotar ta zama ita ce sandar da ke riƙe shi.

Dakta Habibu:
A wannan ba ni da ja.

Dakta Zainab:
Daga ɓangaren jini, masu sikila ne da yawa daga cikin matasan da ake canza wa kwatangwalo a Arewa, kuma wasunsu an taɓa huda musu wuyan ƙashi don rage matsi, ko an taɓa wanke musu ƙashi saboda mugunya. Abu uku. ESR ba abin dogaro ba ne a wajensu, siffar ƙwayar jininsu tana sa shi ya fito ƙasa, a fi kula da CRP da ruwan gaɓa, a kuma tuna da salmonela. Na biyu, a kai haimogulobin wajen giram 10 kafin aiki, binciken TAPS na 2013 ya nuna ƙarin jini kafin tiyata yana rage matsaloli, musamman ciwon ƙirji mai tsanani. Kada a zarce da yawa, jini ya yi kauri. Wanda ya taɓa shanyewar ɓarin jiki ko ciwon ƙirji mai tsanani, musanyar jini ake yi har HbS, wato haimogulobin ɗin sikila, ya sauka ƙasa da kashi 30. Na uku, wanda aka sha ƙara wa jini samun wanda ya dace da shi yana ɗaukar kwanaki, a turo samfuri mako guda kafin ranar.

Likitocin ƙashi kun fi ni sani, ɓargonsu a tsuke yake da tauri, wani wuri a toshe, don haka ƙananan ƙotoci su kasance a ɗakin.

Dakta Maryam:
Ta wajen barci: allurar baya ita kaɗai tana iya ƙarewa kafin ku gama, aikin nan yana kai awa uku ko huɗu. A haɗa ta da siririn bututun baya, ko a sa barci gaba ɗaya. Leda biyu zuwa huɗu na jini a hannu kafin a yanka. Tiraneksamik asid, mai rage zubar jini, giram 1 ta jijiya kafin yanka ga wanda ba shi da tarihin gudan jini. Sefazolin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, giram 2 cikin awa guda kafin yanka, a maimaita bayan awa huɗu ko in jini ya zuba lita ɗaya da rabi. Ku faɗa da baki kafin ku zuba siminti, hawan jinin tsoho yana iya faɗuwa nan take. Mai sikila kuma ɗumi, ruwa da iskar oksijin, daga ɗakin tiyata har kwanakin farko a gado. Mai ciwon suga a gyara shi tukuna, mai shan taba ya daina mako huɗu zuwa shida kafin aiki. Maganin hana gudan jini har kwana 35.

Asibitin da ba shi da na'urar hoto a ɗakin tiyata, da dogayen ƙotoci, da jini a ajiye, ya tura irin wannan aikin gaba. Asibitocin ƙashi na ƙasa da ke Dala, Igbobi ta Legas da Inugu don irinsa aka kafa su.

Malam Nura:
Roƙonmu daga sashen gashin ƙashi: a rubuta mana a fayil abin da aka tarar. An ɗaure tudu da waya? An samu tsaga? An dasa ƙashi a kwarmi? In babu ko ɗaya kuma ƙota mai siminti ce, za mu tayar da ita washegari ta taka iya yadda za ta iya. In an ɗaure tudu, mako shida ba ta buɗa ƙafa gefe da ƙarfinta, nauyin da za ta ɗora kilo 15 zuwa 20, muna koya mata da sikelin awo a ƙarƙashin ƙafa.

In ta baya aka shiga, mako shida zuwa sha biyu ba naɗe kwatangwalo fiye da digiri 90, ba harɗe ƙafa, ba juya gwiwa ciki. A gida wannan na nufin ba zaman tabarma, ba kujera 'yar tsuguno, ba masai na tsuguno, sai an tanadi kujerar bayi mai tsayi kafin a sallame ta. Salla a kan kujera mai tsayi, da ishara, ba sunkuyawa har ƙirji ya taɓa cinya. A yi wa 'ya'yanta wannan bayanin su ma, su ne za su gyara ɗakin. Kuma a shaida mata cewa ƙafar za ta yi mata kamar ta fi tsawo na wasu makonni, ƙugunta ya saba da karkata.

Dakta Auwal:
Allah Ya saka da alheri. Saura ɗaya. An yi shiga ɗaya, wuri ya yi kyau a ido, sai a kwana na shida lab suka kira cewa ƙwaya ta tsiro. Me za a yi?

Dakta Habibu:
A tambaye su a kwalba nawa, kuma wace ƙwaya. In ɗaya ce cikin biyar, ƙwayar fata ce marar ƙarfi, ciwo a bushe, CRP na sauka, galibi gurɓata ce daga hannu ko lab, a sa ido kawai a riƙa maimaita CRP. In biyu ne ko fiye da ƙwaya iri ɗaya, ko guda ɗaya amma mai ƙarfi irin sitafilokokas oriyas, cuta ce. Ba a cire sabuwar gaɓar, tunda an riga an cire tsohon ƙarfe an wanke wurin. A ba da magani bisa abin da gwaji ya nuna, a fara ta jijiya a koma na sha, mako shida zuwa wata uku. Ga sitafilokokas ana haɗawa da rifamfisin bayan ciwo ya bushe, ba a ba da shi shi kaɗai, kuma sai an tabbatar babu tarin fuka. A duba sauran magungunanta kafin a fara, domin rifamfisin yana karya ƙarfin warfarin da ribaroksaban, magungunan hana gudan jini, sai a mayar da ita kan allurar enoksafarin miligiram 40 a rana har kwanakin rigakafin su cika.